Shafin da Ke da Ganyen Lalle

A Yelwa, in la'asar ta yi sanyi,
Kwara ta ɗauki launin tsohuwar tasa,
nakan ɗaure jirgina, in wanke ƙarnin kifi,
in nufi zauren Malam Arzika.

Shi ya koya mana waƙoƙin Turawan dā
a aji huɗu, ƙarƙashin kwano mai yoyo.
Mu kuwa dariya muke yi a hannun riga:
ina ruwan ɗan Bagunge da dusar ƙanƙara?
Me ya haɗa mai noman albasa
da ƙaton da ke kuka don fure ya bushe?

Yau yana ta rufe idanun Malam.
Littafin na nan, bangonsa ya ɓare,
gara ta ci rabin sunan mai shi,
gefen kowane shafi ya sha jan biro.
"Buɗe inda ganyen yake," in ji shi.

Ganyen lalle ne, ya bushe ƙayau.
Tumba ce ta sa shi, shekarar da ta tare.
Ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba,
amma ta gane shafin da ke sa mijinta shiru,
sai ta yi masa alama.

Na fara, harshena na tuntuɓe
kamar jaki a kan gadar katako.

Wani ne, can a wata ƙasar sanyi,
shekara ɗari uku ko fiye,
ya dawo daga binne matarsa
ya tarar da takalmanta a bakin ƙofa.
Ya rasa: ya ɗauke ne, ko ya bari?
Sai ya juya ga Ubangijinsa da tambaya,
tambayar ta yi tsawo, ta yi zafi,
har na tsaya na ce astagfirullah.
A baitin ƙarshe ya sunkuyar da kai.

Malam ya yi murmushi da gefen baki.
"Kai ka ji tsoro, Ɗanjimma, ni na ji ɗan'uwa.
Shekara talatin ina koyar da wannan shafi,
ina ƙirga gaɓoɓi, ina jan layi,
ina ba ku maki bisa goma.
Ashe ban taɓa karanta shi ba
sai ranar Talatar nan
da jirgin kasuwa ya kife da mutanensa,
aka miƙo mini mayafinta yana ɗigar ruwa."

Na san ranar.
Ina cikin masu nutso.
Ban taɓa gaya masa ba
hannuna ne ya fara taɓa yatsunta a ƙasan ruwa,
da lallen sallah bai gama goge ba.
Yau ma na haɗiye,
ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar ragon ruwa.

"Ba alƙiblarmu ɗaya da shi ba," in ji Malam,
"bai san tuwon shinkafa ba, ban san garinsu ba.
Amma mai ɗaukar rai ba ya neman tafinta,
kuma hawaye, ko'ina ka ɗanɗana, gishiri ne.
Allah Ya ji ƙan Tumba.
Shi kuwa baƙon, Allah Ya san bayinSa."

Ladan ya ɗaga murya daga bakin kasuwa.
Jemagu suka tashi daga kan mangwaro.
Na mayar da ganyen inda ta aje shi,
na rufe littafin a hankali
kamar mai rufe ƙofa ga wanda barci ya ɗauka.

Na cika masa buta, na kama hannunsa.
A bakin ƙofar cikin gida
ga silifas biyu, shuɗi, ɗaya ɗaure da zare,
damina huɗu ta wuce a kansu.
Malam ba ya gani,
amma ƙafarsa ta san wurin, ta kauce.
Ni ma na kauce.