Makwaikwayi

Ƙarfe biyun dare a Jidda.
Maigida yana hawa na shida, ana wanke masa ƙoda,
ni ina ƙasa cikin mota, gilashi a zuge rabi,
iskar teku tana shigowa da gishirinta.
A tafin hannuna wata 'yar na'ura
da ba ta kai faɗin littafin addu'a ba.

Nazifi ne ya haɗa mini ita a Bab Makka,
yaron da ke gyaran waya a ƙarƙashin matakala.
Kati kamar farcen ƙaramin yatsa ya zura mata,
ya ce, "Kawu, wasa dubu huɗu ke nan."
Na ce guda nake nema.
Ya yi dariya, ya ƙirga riyal ɗinsa,
sannan ya yi mini bayanin da ban tambaya ba:

"Tsohon wasa ba ya sakewa a sabon gida.
Sai an sa masa makwaikwayi,
manhajar da za ta ari muryar injin da ya mutu,
ta ce masa, kwantar da hankalinka,
shekarar nan ce dai,
talabijin ɗin nan mai doro ne, ba abin da ya canja.
In ya yarda, sai ya tashi."

Daren farko bai yarda ba.
Kiɗa yana in'ina,
ɗan mutumin yana gudu kamar an aza masa buhun riɗi.
Na koma. Nazifi ya taɓa wani abu can ciki,
ya rage kaifin hoton,
ya dawo da layukan da ke ratsa tsohon gilashi.
Ashe har dushi-dushin ma ina kewarsa.

Ga shi yanzu: gada, rami, tsalle, gada.
Babban yatsana ya tuna abin da kaina ya manta.
Nan ne Tasi'u yake faɗawa kullum,
a shagon Mudassir, bayan kasuwar Wad Madani,
inda muke harhaɗa canjin aike
mu sayi minti goma,
shi madanni na biyu, mai wayar da aka naɗe da salatif,
ni na ɗaya, don na girme shi da wata uku.
In wuta ta ɗauke, mun tashi a tutar babu,
Mudassir ba ya mayar da kuɗi.

Wannan kuwa da dabararta:
ka danna nan, lokaci ya tsaya cak,
ɗan mutumin a iska, ƙafa ba ta taɓa ƙasa ba,
ka ajiye shi haka har jibi, ba zai gaji ba.
In ka faɗa rami, ka danna can,
ka dawo dab da kuskuren, ka sake.
Na sake sau goma sha ɗaya.
Na haye.

Bayan ramin ba komai, Tasi'u.
Wata gada ce, da wani ramin.
Shekara talatin ina zaton birni ne.

Na ɗauki hoton allon, na tura maka
a lambar da rabon a amsa ta tun damina biyu.
Alama guda ta fito, ruwan toka, ta tsaya nan.
Can kusurwar allo rubutu yana ƙiftawa,
yana jiran ɗan wasa na biyu ya danna.
Wasan bai san komai ba.
An gaya masa shekarar nan ce dai,
kuma ban ga dalilin gyara masa ba.

Batir ya koma ja.
Waya ta yi ƙara, an gama, ana sauko da maigida.
Na tsayar da ɗan mutumin a tsakiyar tsalle,
na sa shi a aljihun gaba,
na tayar da mota, na matsa bakin ƙofa.