Yatsu Bakwai

Ran Laraba, da la'asar sakaliya,
ake buɗe mana ajin firamaren bakin kwalta,
inda benci ya yi wa manya kaɗan.
Mu zauna, gwiwa na gaisawa da haɓa:
manoman shinkafa, 'yan acaɓa, masu suyar awara,
har da Bappa Manu, da ya rantse ba zai zo ba.

Malama Tabawa ba ta cika son alli ba.
Buhu gare ta, ta zazzage shi kan tebur:
gorar lemo cike da kananzir,
hular kwano da ta dare gida biyu,
gwangwanin maganin feshi da aka mayar moɗa,
guntun igiyar guga.
"Kowanne yana da suna," in ji ta,
"ba zan faɗa ba, iyayensu na cikinmu."
Aji ya yi tsit,
har kana jin tarin injin ban-ruwa daga fadama.

Can sai ta ce, "Barau, taso."

Ni ke nan.
Shekara goma sha ɗaya ina niƙa a Dadin Kowa,
bel na gudu, ina hira, ido na kan hanya,
hannun riga na reto.
Rannan masara ta toshe,
na ce kashe inji ɓarnar mai ce,
na zura hannu.
Zafi bai iso da wuri ba.
Gari na gani ya koma ja,
yarinyar da ta kawo niƙan na kurma ihu,
ni kuwa ina ba ta haƙuri a kan garinta.

Da can, aljihu ne gidan wannan hannu.
Na koyi cin tuwo da cokali kamar baƙon asibiti.
Yanzu ɗaga shi nake, in juya shi gaba da baya,
in ce, ku ƙirga.
Yara na leƙe ta taga, su ma suna ƙirgawa.

Bappa Manu ya gyara murya:
"Abin da aka rubuta ba ya kankaruwa."
Malama ta ce, "Gaskiya ne, Bappa.
Amma kai da ke tofa addu'a a garke,
me ya sa kake sake duba turke?"
Aka yi dariya. Shi bai yi ba,
sai dai mako na gaba shi ya riga kowa zuwa.

Mun koyi cewa ƙuna ruwa take so, mai sanyi, a daɗe ana zubawa,
ba manja ba, ba ɗanyen ƙwai ba.
Wanda mota ta watsar, ba a fizgo shi kamar buhun gyaɗa.
Kande ta rufe rijiyarta da murfin tsohon duro,
ta ɗora dutsen da sai mutum biyu.
Ɗanlami ya sayi hular kwano,
ko da yake in rana ta take, kan babur ke sa ta, ba nasa ba.

Kada in yi muku ƙarya.
Watan jiya buhun ya ƙaru da silifa guda,
ƙarami, shuɗi, daga bakin magudanar dam.
Rannan ba a yi darasi ba.
Malama ta zauna kan bencinmu,
muka tsara wa zai riƙa tsaron wajen bayan an tashi makaranta.
Ni na ɗauki Asabar.

Da safe in na buɗe rumfa,
in naɗe wa yarona Gambo hannun riga da kaina.
In masara ta toshe, in kashe inji,
mu tsaya har bel ya daina numfashi,
masu niƙa na tsaki, ina jin su.
Da magariba, kafin in ba shi kuɗin abinci,
in ce, miƙo.
Ya miƙo yana dariya, duk gari ya yi masa fari.
Goma.
Gobe ma zan ƙirga.