Taki Huɗu

Bakwai can, bakwai nan, ni ne cikon sha biyar,
wanda ba a yi wa tafi, ba a ɗauka a kafaɗa.
Asabar ce a Bukuru. Ruwan asuba ya jiƙa fili,
farar ƙasar layin gabas ta narke,
can wajen tsohon ramin kuza.
Na shafa man zafi a gwiwar hagu,
wadda zari-ruga ta ci bashi tun ina saurayi, ba ta biya ba.

Minti bakwai, a sha ruwa, minti bakwai.
Wasan ke nan gaba ɗaya.
An rage mutane, ba a rage fili ba,
yara na tsere kamar maruƙan da aka kwance wa dangwali,
ni da arba'in da uku a wuya ina biye,
huhu na ƙuna, usur na dukan ƙirji.

Busa kowa ya iya.
Aikin shi ne ka ga laifi ƙuru-ƙuru,
usur na tsakanin haƙora,
ka miƙa hannu gefe, ka haɗiye numfashi,
ko gudu zai rama wa wanda aka cuta.
In ya rama, ka manta.
In bai rama ba, ka dawo da kowa inda aka yi ɓarna.

Uku da uku suka sunkuya, kai da kai,
tururi na tashi a gadon bayansu.
Nanfa ya shaƙo wuyan Tanimu,
na zaro kati ruwan ɗorawa.
Minti biyu a benci. A nan minti biyu gona ce guda.
Bai yi musu ba, ya ce to, ya fita yana tofar da ciyawa,
shida suka rage suna tarar yoyo da tafin hannu.

Lokaci ya cika, ƙwallo ba ta mutu ba.
Sha huɗu da sha biyu.
Dachollom ya karɓa a gefen gabas, ya zura,
aka kamo ƙafarsa, ya sulale cikin taɓo,
mutum uku suka rufta masa.
Kangyang mai tuta santsi ya kwashe ta.
Ni kuwa na iso a makare, taki huɗu.
Na durƙusa, na leƙa:
ƙwallo a ƙarƙashin ƙirji, ƙirji a inda layi ya kamata ya kasance.
Na ɗaga hannu sama. Maki biyar.
Rabin fili ya ɗauki ihu, rabi ya kama ƙugu.

Da magariba, teburin shayin Sallau, bakin tasha.
Ina hura kofi sai ga Dachollom,
busasshen taɓo har bayan kunne.
Ya zauna nesa kaɗan, ya daɗe yana murza hula.
Ya ce, "Alƙali, ta suɓuce mini.
Kafin layi. Faɗa mata kawai na yi."

Motar Barikin Ladi na kiran saura mutum ɗaya.
Sallau na fasa ƙwai.
Na sa hannu a takarda tun la'asar, alƙalami ya bushe,
su Tanimu sun kama hanyar Farin Gada da rashin da ba nasu ba.
Na nemi abin faɗa a aljihu,
usur na taɓo, da kati biyu, da fensir.
Babu wanda ya dace.

Na ce a zuba masa shayi, a ƙara madara.
Ya sha, hannunsa na rawa, ko sanyi ne ko waninsa.

Gobe kafin rana ta leƙo kan duwatsu
zan fita titin Rayfield, ni da gwiwar nan,
mu je neman taki huɗu.