Littafin Bashin Madugu Tanimu

A ƙasan adakar Inna Yalwa na tsince shi,
naɗe cikin tsumma, yana warin kanwa.
Ajami ne, tawadar ta koɗe kamar shayin jiya.
Sai da na kai wa Malam Gajere a Aboabo
kafin kakan babana ya buɗe baki.

"Jaki arba'in muka taso da su daga Jega.
Kwara ta ci biyu,
ƙudan tsando ya ci bakwai,
saura sun ga Kintampo da ƙafarsu."
Ya ƙirga jakuna ɗaya ɗaya.
Yaran da ke korar su, bai rubuta ko suna ba.

Daga nan sai bashi, shafi bayan shafi.
Bawa na Kwantagora, huhu uku, bai biya ba.
Dogo mai koli, allura da madubi, ya gudu.
Can ƙasa, da ƙananan baƙi kamar mai jin kunya:
"Akosua ta Mampon, ita ke bin mu,
wuri zambar biyar.
Ba ta ciniki sai ta ɓantari goron ta tauna."

Shekarar da aka ce baƙi su tattara su tafi,
kakana bai san hanyar Jega ba,
a Zangon Kumashi aka binne cibiyarsa.
Gonar koko ta jikan Akosua ce ta ɓoye shi
har ƙura ta lafa.
Wannan babu shi a littafi.
Wa zai rubuta bashin da ba shi da mudu?

Ni yau a Kejetiya nake,
caja da abin kunne rataye a wuya,
ina kutsawa tsakanin tirotiro,
ido ɗaya kan canji, ɗaya kan masu kamen gwamnati.
Kayana daga Sin suke,
ba su taɓa jin warin jaki ba,
amma ƙafar dai ita ce, kirari ne ya ɓace.

Na tambayi Malam, wuri zambar biyar sidi nawa?
Ya yi dariya har tabaronsa ya zame.
Duk da haka Asabar zan hau motar Mampon
da farin goro ƙwarya guda a ganye.

Shafin ƙarshe babu komai.
Na ciro biro:
"Kwabena direba, caja ɗaya.
Ya ce gobe."