Karabo

Tankari bai ko buɗe bakin motar ba.
Ya ce inji surutu kawai ya iya,
masu ciwon suna can ƙasa, ba su da baki.
Ya shimfiɗa kwalin firiji bisa yashin garajinsa
nan bayan tashar Tawa,
ya shige ƙarƙashin tsohuwar katkat ɗinmu da rigingine,
sai tafin ƙafarsa ya rage a rana.

"Yaushe take kuka?"

Na ce in na ɗage ƙafa daga wuta
sai ta yi ƙwal, kamar dutse ya faɗa tukunya.
In na karya kwana, gabanta na ƙas-ƙas.
Daga sittin zuwa sama
kujera na karkarwa har cikin haƙarƙarina.

Ya kama kardan da hannu biyu, ya murɗa.
Ya girgiɗa kamar haƙorin tsohuwa.
"Kurwaziyo ya tahi. Wannan ƙaramin abu ne,
ba shi ya kawo ku ba."

Yaronsa Illo ya ɗaga ta bisa kirik, yana juya taya.
Tankari ya ɗora bakin dogon ƙarfe bisa pon na gaba,
ɗaya bakin a ƙashin bayan kunnensa,
don kunnen ya daɗe da yin ritaya, ƙashin ne ke aiki.
Ya rufe ido.
Ya daɗe.

Sannan ya kwance ƙusar ƙaramin boti.
Man ya zubo baƙi, da ƙauri,
ya shafa a tafin hannu, ya miƙo shi hasken rana:
yana ƙyalli
kamar ƙasar da masu neman zinariya ke wankewa.
Ya sake zura yatsa cikin kwanon
ya fito da guntun haƙorin ƙarfe,
bai kai ƙwallon dabino ba.

"Wannan ba tsufa ba ne," in ji shi,
"ba rairayi ba, ba lodi ba.
Wani ya sa mata karabo ya hau gudiro da ita, nesa.
Gaba na ja, baya na ja,
kwalta ba ta barin kowa ya zame,
sai su yi ta murɗe juna kamar ana matse wanki
har wani ya karye.
Wa ya yi mata haka?"

Baba na zaune kan benci, ƙarƙashin bedi,
sanda tsakanin gwiwoyi, hannun hagu kwance kan cinya.
Shekara ashirin da shida ya tuƙa ta.
Ranar da ya fara ba ni makulli, abu ɗaya ya hana ni,
shi ne wannan.

Na ce ni ne.
Daren Agusta, ruwa kamar da bakin ƙwarya,
can gaba da Abalak bakinsa ya karkace.
Tsahara ta riƙe kansa a kujerar baya.
Na sa karabo don mu fita daga laka,
da muka taka gudiro ban tsaya ba.
Fita in kwance gaban, minti biyu ne,
ban da minti biyu.
Tun Tabalak na ji ta sandare a hannuna,
na ji tana niƙa kanta.
Na ji.
Na ƙara wuta.

Illo ya bar juya tayar.
Tankari yana goge hannu da tsumman da ya fi hannun datti.

Baba ya miƙa hannun dama, aka ɗora masa guntun ƙarfen.
Ya juya shi da babban yatsa.
Da rabin bakin da ya rage masa ya ce,
"Kilomita nawa?"

Na ce ɗari da talatin, ko fiye.

Ya dubi motar, ba ni ba.
"Ta yi ƙoƙari."
Ya jefa haƙorin a aljihun gaba, inda carbinsa yake.

Tankari ya ciro waya, yana neman lambar wani a Ƙonni
mai sayar da boti na hannu.
Ya ce mu dawo Laraba,
mu zo da jika ɗari da tamanin,
kuma kada kowa ya tashe ta kafin nan.