Littafin Bashin Tabawa

Ranar Asabar nake buɗewa,
in gwiwa ta yarda, in an samu na mota.
Shago ɗaya ne a Dakata, bayan masu walda.
Mu bakwai ke haɗa kuɗin hayarsa,
bara mu tara ne.

Allon da Gambo ya rubuta mana
ruwan Agusta ya lashe rabinsa,
saura "Ɗakin Tarihin Ma".
Cika sauran da kanka:
masaƙa, ko ma'aikata, ko mamata.

Wannan jiniya ce.
In ladan ya gama nasa sai ta ɗauka,
kekuna su malalo Bompai kamar an fasa dam.
A hannun 'yan gwangwan muka fanso ta, bisa sikeli,
kamar ba ta taɓa ba mutum dubu umarni ba.
Yanzu gizo-gizo ke saƙa a bakinta,
shi kaɗai ba a sallama ba.

Ga ƙoshiya, ga kwarkwaro,
ga katin aikin Lasisi, wanda inji ya ci wa yatsu biyu,
ya ce an gode, an bar masa takwas.
Ga akoko yadi huɗu, saƙar daren ƙarshe.
Ba mu san na ƙarshe ba ne,
da mun tsaya mun saurara.

Ɗaga murya in za ka yi tambaya.
Shekara ashirin da shida a ɗakin saƙa,
kunnen hagu ya bi garatuti,
har yau ba wanda ya dawo a cikinsu.
A can da leɓe muke hira,
shi ya sa nake jin gulma daga tsallaken titi.

Amma zo nan, ga abin da nake so ka gani,
a akwatin gilashin da ake sa burodi a da:
littafin bashin Tabawa, mai tuwo a bakin get.
Ba ta yi boko ba, kowa da alamarsa.
Mai keke, ƙawanya biyu.
Mai gemu, zane uku a tsaye.
Lasisi, hannu mai yatsu uku.
Kowace malmala kara ɗaya,
ranar albashi ta soke.

Shafin ƙarshe ba a soke ba.
Wata uku ba albashi tana zuba mana miya,
ba ta taɓa rage ludayi ba,
har aka sa kwaɗo a get.

Watan jiya wani saurayi ya shigo da rigar banki.
Ya daɗe a kan shafin nan.
Ya ɗora yatsa a gilashi, daidai zanen haɓar-kada,
ya ce, "Wannan Barau ne. Babana."
Ya ƙirga kara arba'in da ɗaya.
Ya ce, "Nawa ne malmala?"
Na ce, "Ta wancan lokacin, ko ta yau?"
Bai amsa ba, ya dai shafa aljihu.

Tabawa ta shekara shida a ƙasa.
Jikarta na soya awara a Gwagwarwa, na raka shi.
Ta goge hannu a zani ta karɓa,
tana kallonmu kamar waɗanda suka ɓata hanya.

Da muka dawo ya ce in ara masa biro.
Doka ce, ba a taɓa kayan tarihi.
Ni na rubuta ta, ga ta can a bango.
Na buɗe gilashin.
Ya soke, a hankali, kara bayan kara.

A can ƙasan shafin akwai wata alama,
kunne ɗaya, kara ashirin da biyu.
Babban yatsana na kai har ya gama.
Wai ƙarshen wata fansho zai shigo.
Gwagwarwa ba nisa.