Fayil Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Dakta Gwamba ta ba ni take, ta ce,
"Je ki Bunza ki auno mana
yadda koke yake tafiya a sakatariya
daga bakin ƙofa zuwa sa hannu."
Na ɗauka aikin mako biyu ne,
ban san rijiya na leƙa ba.

Takardar tambayoyi ɗari na buga
da kuɗin ƙulin Inna,
kowace tambaya da gida biyar.
Akawu ya cike tara da biro ɗaya,
duk ya yarda ƙwarai,
ko layin farko bai karanta ba.

A baranda Baba Arzika masinja
yana sosa rediyonsa da tsinken ashana.
Ya ce, "Ɗiyata, mi kika biɗa?
In gaskiya ta, bar tambayar mutane.
Bi takarda, ita ba ta san kunya ba."

Sai na bi guda.
Lamba arba'in da bakwai, Tungar Nomau:
kan famfon burtsatse ya karye tun kaka.
Mata sha tara sun dangwala yatsa,
shuɗin tawadar har yau bai kwanta ba.

Tebur na fari, kwana uku.
Na biyu, kwana arba'in,
mai shi ya tafi kwas da makulli a aljihu.
Na huɗu babu tawada a injin bugu.
Na biyar ya rubuta "a duba",
wanda aka ce ya duba
ya rubuta "a duba" a ƙasan na farko.
A na bakwai sawu ya ɓace.
Kwana shida ina ɗaga ƙunshin takardu,
ashe yana ƙarƙashin ƙafar fanka,
an tokare ta don ta daina rawa.
Wanda ya tokare, mutumin kirki,
bai ko duba bangon ba.

Ranar Asabar na hau kabu-kabu zuwa Tungar.
Ruwan da suka ba ni kalar kunun kanwa,
na sha, don baƙo ba ya raina ƙwarya.
Kulu ta dubi jakata ta ce, "Ke ce gwamnatin?"
Na ce ɗaliba ce.
Ta ce, "To ɗaliba, rubuta:
daga nan zuwa fadama Yasin biyu ce da sauri,
kuma gwiwata ba ta bara ba ce."
Na duba gidajena biyar,
ban ga inda zan sa gwiwar Kulu ba.

Litinin na rungumi fayil da kaina,
abin da littafin dabarun bincike bai ce ba.
Daraktan ayyuka ya karanta har ƙarshe,
ya cire tabarau, ya murza ido:
"Kwana ɗari biyu da sha huɗu?
A ginin nan?"
Ya sa hannu. Ya ce kason wata bai iso ba.

Shawarata ɗaya ce, ba ta cika shafi ba:
a aje littafi a bakin ƙofa,
kowane koke da ranar shigarsa
da sunan wanda yake kwana a teburinsa.
Ni na saye shi, mai jan bango.
Baba Arzika ya ja masa layi da murfin kwali.

Ranar kare kundi, baƙon farfesa ya ce,
"Fayil ɗaya tak kika bi?"
Na ce ɗaya ne, ranka ya daɗe,
amma mutum ɗari shida ke sha a cikinsa.
Dakta Gwamba ta sunkuyar da kai tana rubutu,
ban san me ta rubuta ba.

Kundin yana kan kanta a sashenmu,
tsakanin 'yan'uwansa masu shuɗin bango.
Jiya Baba Arzika ya kira ni da wayar aro:
littafi ya cika, in kawo wani,
yanzu akawu na tsoron ganin sunansa sau biyu.
Na ce, famfon fa?
Ya ce makaniki ya je, ya auna, ya sha fura.
Ya ce Laraba.
Bai faɗi wace Larabar ba.